Ƙusar da ban ji shigarta ba

Ni kafinta ne, ɗan kafinta. Tun ina shekara 9 nake danne wa mahaifina katako yana yankawa, kuma a sana'armu ganin jini ba labari ba ne. Yau zarto ya karce ka, gobe guduma ta sauka a kan farce, jibi sartse ya shige maka tafin hannu. In ka zo kana kuka, tsoho zai dubi wurin sau ɗaya ya ce, "Bar shi ya sha iska, gobe ya bushe." Kuma yakan bushe ɗin. Ɓawo ya fito, mu ɓamɓare shi tun bai nuna ba, wani ya sake fitowa. A haka na tashi, a ganina ciwo baƙo ne da in ka ƙi kula shi zai gaji ya tafi da kansa. Har nuna wa yaran shagona nake tabon da ke hannuwana, ina gaya musu wanda zarto ya yi da wanda injin ya yi.

Ina da shekara 44 aka ce min ina da ciwon suga. Ƙishirwa da yawan fitsarin dare ne suka kai ni asibiti. Aka ba ni ƙwayoyi, aka yi min dogon bayani, na yi kunnen uwar shegu. In na ji jikina ya yi nauyi in sha magani kwana 10, in na ji garau in ajiye. Shekara 6 ina wannan wasan ɓuya da kaina. A cikinsu ne tafin ƙafata ya fara wani abu, da farko kamar tafiyar kiyashi da daddare, daga baya kamar na sa safa mai kauri ko da ƙafar tsirara take. Wallahi har daɗi na ji. Na ce ƙafa ta yi ƙwari, tsayuwar yini ta daina damuna. Ashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne sugan ke lalatawa a hankali, kuma yakan fara da mafi tsawonsu, waɗanda suka gangara har yatsun ƙafa. Ana cewa jiki magayi. Nawa ya yi shiru daga idon sawu zuwa ƙasa, ni kuwa ina ta murna.

Wata ranar Talata da yamma na dawo gida, na cire takalmi na wuce ɗaki. Sai ga uwargida ta biyo ni tana kallon ƙasa.

"Malam, wannan jinin fa?"

Na juya, sai na ga sawu ja-ja a kan siminti, ɗaya bayan ɗaya, duk na ƙafar dama. Ta ɗauko takalmin ta kifa shi. Ƙusa ce 'yar inci ɗaya, ta huda ƙasan takalmin, tsininta ya leƙo ciki. Ban san ƙarfe nawa na taka ta ba. Na dai san tun safe nake tsaye, kuma kowane taku tana ƙara nutsewa a wuri ɗaya, can ƙasan babban yatsa inda nauyin mutum ke sauka. Ko ɗis ban ji ba.

Iyakar abin kirkin da na yi shi ne allurar tetanus, don na fi shekara 10 rabona da ita. Ita ma sai da aka matsa min, kuma ban gaya wa mai allurar ina da suga ba. Sauran aikin na ce ni zan yi abina. Safe da yamma in tsiyaya sifirit, in bi da haidurojin, in ga ya yi kumfa fari fat in ce yawwa, magani na cin cuta. Da daddare in bar wurin a buɗe ya sha iska kamar yadda aka koya min. Da safe in manna filasta, in sa takalmi, in tafi shago. Ina da ƙofofin wani sabon gida a hannu, na karɓi kafin alƙalami, na riga na ci.

Cikin mako 3 hujin da bai fi kan ashana ba ya koma faɗin maɓallin riga, kanta mai kauri fara-fara ta zagaye shi. Sai wari. Ba na mantawa da wannan warin, kuma ba na mantawa da abin da na yi da na ji shi: na fara wanke safata da kaina a bayan gida, da daddare, don kada uwargida ta gani. Mutumin da bai taɓa wanke ko hankici ba. Ta lura, ta tambaya, na daka mata tsawa. Har yau in na tuna tsawar nan sai in ji kunya ta kama ni fiye da komai a labarin nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani dare sanyi ya rufe ni, haƙora suna kaɗawa, ga kaluluwa ta fito min a matsematsi. Aka haska ƙafar, ta kumbura sumtum, ja ya haura har saman idon sawu. Babbar 'yata, lokacin tana da shekara 19, ba ta tsaya jin ta bakina ba. Ta buga wa ƙanena waya, suka kinkime ni.

Likitan da ya duba ni bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya fara lalubo bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, ya ce Allah ya taimake ni, jini yana sauka. Sai ya ce in rufe ido, in na ji an taɓa ni in yi magana. Na jira, na jira, na ce, "Likita, ka fara mana." Ashe ya gama. Wani siririn zaren roba ne da ke lanƙwashewa a nauyin giram 10, ya dangwala shi a wurare da dama a tafin ƙafar, ban ji ko ɗaya ba. Ya zura ɗan ƙarfe cikin ramin yana neman ko zai taɓo ƙashi, bai taɓo ba, hoton ƙashi ma ya fito lafiya. Gwajin jinin da ke nuna yadda suga ya zauna a jiki cikin wata 3 ya nuna 11, alhali ana so mai irin ciwona ya tsaya ƙasa da 7.

Sannan ya ɗauko wuƙar tiyata. Ina zaune ina kallo yana fere kantar, yana yanko mataccen nama rawaya da baƙi-baƙi, kamar ƙafar wani ake yi wa. Da ya gama, ramin ya koma santimita 4 a tsaye, 3 a kwance, zurfinsa ya kusa 1.

"Likita, na zo ka rufe min rami, sai ka ƙara buɗe shi?"

"Malam, da ma girmansa ke nan, rufi ne kawai a sama. Mataccen nama abincin ƙwayoyin cuta ne, kuma sabuwar fata ba ta hawa kansa."

Kwana 9 na yi a kwance ana ɗura min maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo, an yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Na tambaye shi mafari, ya ce sabon takalmi ne ya ɗan goge masa ɗan yatsa. Daren nan ban runtsa ba.

Da sallama ta zo sai aka tsaya a kan tambaya ɗaya: wa zai riƙa wankin ciwon a gida? Kullum ne, ni kuwa ba na iya hango tafin ƙafata da kyau, kuma an hana ni takawa balle in riƙa zirga-zirgar asibiti. Uwargida ta gwada tsayawa sau ɗaya ana diresin, jiri ya ɗebe ta. Sai yarinyar nan ta ce, "Sista, ki koya min." Na ce a'a. A raina ina jin wane irin uba ne zai miƙa wa 'yarsa ruɓaɓɓiyar ƙafa tana wari. Sistar, wata dattijuwa ce da ba ta da wasa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ko dai ka miƙa mata ƙafar, ko ka miƙa wa masu tiyata. Zaɓi ɗaya."

Kwana 3 tana koya mata a gabana, ni ma ina sauraro ina yi kamar ba na ji. A bakinta na fara jin cewa warkewar ciwo aiki ne mai hawa-hawa, kuma jiki ne ke yin abinsa. Da zarar an yanke, cikin 'yan mintuna jini zai daskare ya toshe ƙofa. Daga nan wurin zai yi 'yan kwanaki yana ja, da ɗan kumburi da ɗumi, domin fararen ƙwayoyin jini sun taru suna cinye ƙwayoyin cuta da abin da ya mutu. Ta ce wannan shara ce. Bayan shara sai gini: ƙananan hanyoyin jini su tsiro, jan nama mai gudaji-gudaji ya ciko ramin daga ƙasa zuwa sama, sabuwar fata kuma ta rarrafo daga gefe-gefe har ta haɗe a tsakiya. A lafiyayyen mutum ginin nan kamar mako 3 ne. Sai gyaran tabo, wanda kan kai shekara ko fiye.

"Na babanki a shara ya maƙale," in ji ta. "Suga ya sa masu sharar kasala, sifirit da haidurojin suna ƙone duk ɗan naman da ya leƙo, shi kuma yana bi yana takawa."

Ta koya mata karanta launi. Ja jawur mai damshi nama ne mai rai, kada a goge shi da ƙarfi. Ruwan hoda a gefe sabuwar fata ce. Rawaya mai yauƙi mataccen abu ne, baƙi kuwa ya fi shi muni, dukansu aikin asibiti ne, kada ta kuskura ta sa almakashi. In ja ya fara bazuwa a fatar gefe, ko ruwan ya yi kauri ya koma mugunya, ko wari ya dawo, ko zazzaɓi, ko suga ya hau babu dalili, kada a jira safiya.

Wankin farko a gida minti 40 ya ci. Na zauna a kujera, ƙafar a kan ɗan benci da aka shimfiɗa wa tawul mai tsabta. Ta wanke hannu da sabulu har tsintsiyar hannu, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ta sa safar hannu. Ina ganin yatsunta suna rawa. Ta warware bandejin, gos ɗin ciki, wato farin ƙyallen asibiti da ake ɗorawa a kan ciwo, ya ɗan kama, ba ta fizge ba, ta jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti ta jira har ya saki da kansa. Ta ɗaga shi ta duba launin ruwan da ya sha da yawansa, har ta kai shi kusa da hanci. Na kawar da kai. Ta jefa a leda tare da safar hannun, ta sake wanke hannu, ta sa sabuwa. Ta zuƙo ruwan gishirin a sirinji marar allura ta feshe ramin, ta goge daga tsakiya zuwa waje, kowane gos shafa ɗaya sai leda. Fatar gefe kawai ta tsane, cikin ramin ta bar shi da damshinsa. Sai ta yanko wani farin abu kamar audugar da aka danne, aljinet sunansa, daga ciyawar teku ake yin sa, in ya sha ruwan ciwo sai ya narke ya yi yauƙi. Ta sa shi sako-sako ba dannawa, ta rufe da gos, ta naɗa bandeji yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashi. Da ta gama ta fita, na jiyo ta tana amai a waje. Ta dawo ta share baki ta ce, "Baba, ban matse maka ba ko?" Kafin wata ya zagayo minti 12 take yi, tana yi tana ba ni labarin makaranta.

Duk Juma'a ranar awo ce. Ta kara rula a gefen ramin ba tare da ta taɓa shi ba, ta ɗauki hoto a waya, ta rubuta tsawo da faɗi a wani ɗan littafi.

Rigimarmu ta farko a kan iska ce. Ni dai zuciyata ba ta yarda a ce ciwo yana ƙunshe cikin damshi dare da rana zai warke ba. Na ce a buɗe shi ko awa 2 ne ya bushe. Ta ƙi. Na ce ni na haife ta. Washegari ta zo da wayarta ta karanta min labarin wani masani ɗan Ingila, George Winter, wanda a 1962 ya yi gwaji a fatar aladu. Ya yi ƙananan raunuka, ya rufe wasu da siririyar leda, ya bar wasu a buɗe, sai waɗanda aka rufe suka yi sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na sauran. Dalilin shi ne sabuwar fata rarrafe take yi, a kan damshi tana zamewa, in kuwa ta ci karo da busasshen ɓawo sai ta yi haƙa ta ƙarƙashinsa. Na ce to ni ba alade ba ne. Amma na yi shiru da maganar iska. Daga baya Sista ta ƙara min da cewa akwai ciwon da ake bari a bushe, kamar baƙin ɓawo a dundunniyar wanda jini ba ya sauka masa sosai, shi ya sa ba a aron dokar ciwon wani.

Abin da babu wanda ya gaya min a asibiti shi ne yadda kayan nan ke ƙarewa. Wanki ɗaya yana cin safar hannu 2, gos 5 ko 6, yankin aljinet, ruwan gishiri, filasta da bandeji. Ni mai lissafin ƙusa da katako ne, na buga: a wata ɗaya safar hannu 60, gos wajen 180. Ruwan gishirin ma ba ruwan da ka ga dama ba ne, giram 9 na gishiri ne a kowace lita, daidai da na jiki, shi ya sa ba ya ƙona sabon nama, kuma in an buɗe kwalba an ce mu rubuta lokaci a jikinta, bayan awa 24 a zubar da saura. Zubarwar nan ta riƙa yi min ciwo fiye da ƙafar.

Wani daren Asabar aka buɗe leda, gos ya ƙare. Na ce ai ga auduga nan, duk fari ne. Yarinyar ta yi jim, na matsa, ta sa. Washegari da aka buɗe, zaren audugar ya shige cikin jan naman nan ya manne kamar gashi a jikin gam. Ta fi rabin awa da hantsaki tana tsincewa ɗaya-ɗaya, wurin yana tsattsafo da jini, tana hawaye tana cewa ita ta jawo. Ni na jawo. Da muka koma asibiti na kawo wata dabarar, na ce a riƙa wanke gos ana gogewa da dutsen guga. Sista ta ce bandejin waje da ba ya taɓa ciwo, in an wanke shi tas ya bushe, ba laifi. Amma duk abin da zai kwanta a kan naman nan, sai wanda aka farke daga rufaffiyar takardarsa a lokacin.

Kuskure na biyu ba namu ba ne mu kaɗai. An je sayen aljinet babu, mai kantin ya ba da wani faci mai ɗanko, ya ce wannan ya fi, yana kwanaki ba a cire ba. Na ji daɗi, na ce an huta. Kwana 2 aka ɗaga, fatar gefen ta yi fari ta yamutse kamar yatsun mai wanki, ga ruwa ya taru yana wari. Sista ta ce facin ba jabu ba ne, haidurokoloid ne, yana da kyau ga ciwo marar zurfi mai ɗan ruwa kaɗan wanda babu cuta a ciki. Nawa mai ambaliya ne, abin da zai tsotse yake so. Busasshen ciwo a ba shi damshi, mai ruwa a rage masa, kuma ciwo ɗaya yakan sauya hali. Haka kuwa aka yi. Da na ji tsoron yankewar kaya na sa aka sayo aljinet mai yawa, bayan 'yan makonni ruwan ya ragu, aljinet ya fara mannewa, aka sauya mana wani. Saura yana nan har ya lalace.

Daga nan yarinyar ta karɓe ragamar. Ta ɗauki hoton kwalin kowane abu, da sunansa da girmansa, sai ta tura wa kantin magani ta waya a kawo har ƙofar gida. Kanti 2 ta riƙe, in babu a nan akwai a can, kuma ta gaya musu in babu abin da aka rubuta kada a musanya sai ta tambayi asibiti. In kaya sun iso ba ta sallamar mai kawowa sai ta duba ranar lalacewa, ta duba ko takarda ta huje ko ta taɓa jiƙewa. Dokarta ita ce da zarar abin da ya rage na mako 1 ne, a yi oda, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kuma zaman banza ya ishe ni, na sa aka kawo min guntayen katako, ina zaune na haɗa akwati mai gida-gida, na goge shi sumul. Na kai wa Sista hoton ina jiran yabo. Ta ce akwati ya yi kyau, amma katako yana riƙe ƙura kuma ba ya gogewa, a sa kayan a robar da ke da murfi, a ajiye nesa da rana da danshin banɗaki. Sai muka sa robar a cikin akwatin, kowa ya samu nasa.

A mako na 4 littafi ya nuna 3 da 2. Likita ya ce in aka buga tsawo da faɗi, rabin girman farko ke nan, kuma gyambon ƙafar mai suga in ya ragu da rabi cikin mako 4 alama ce mai kyau. A mako na 7 ya koma 2 da 1.5. An mayar da ni kan allurar insulin, na bar taba da ƙyar bayan an nuna min yadda take tsuke hanyoyin jini, ina cin abinci mai gina jiki yadda aka tsara min. Sai na fara jin ai na warke.

A daidai lokacin mai ƙofofi ya zo har gida. Bai zage ni ba, amma ya yi maganar da ta fi zagi, a gaban yarana. Washegari na ce zan leƙa shago in zauna kawai in nuna wa yara. Wanda ya san kafinta ya san ƙarya nake. Na ajiye sandunan da nake dogarawa a bakin ƙofa, na yi kwana 3 a tsaye. Tun da ba na jin zafi, babu abin da ya ce min bari.

Ran Juma'a yarinyar ta zo warware bandeji, sai ga garin katako a cikin naɗin. Ba ta ce komai ba. Ta buɗe, gefen ramin ya yi baƙi-baƙi da kwantaccen jini, sabuwar fatar nan ruwan hoda da muka yi mako 7 muna lallaɓawa ta murje. Ta kara rula, ta rubuta 3 da 2, sai ta juyo da littafin ta ajiye min a cinya, ta ci gaba da aikinta. Da ta yi min rashin kunya da na samu abin kamawa. Na zauna ina kallon lambobin nan a rubutun hannunta. Duk kafinta ya san in ka shafa gam ka matse katako biyu, ba ka dawowa kana girgiza su don ka ga ko sun kama. Na sha korar yaro a kan haka. Sauri ya haifi nawa.

Likita ya ce tun da babu cuta a ciki yanzu, zai sa min simintin asibiti irin na masu karaya, daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, wanda zai ɗauke nauyi daga kan ramin ya raba wa sauran ƙafar. Duk mako a fasa, a wanke, a sake wani. Na tambaye shi me ya sa ba takalmin da ake cirewa ba. Ya ce, "Saboda ana cirewa, Malam."

Mako 5 na yi da shi, kuma su ne mafi nauyi a raina. Na sayar da injin gogar katakon da na yi shekaru ina tara kuɗinsa, na mayar wa mai ƙofofi abinsa, saura ya tafi a magani da kayan wanki. Yaran shago 2 suka koma wurin wani, ban ga laifinsu ba. 'Yan dubiya kuwa kowa da abin da ya riƙo, wannan gari a ƙulle a leda, wancan mai a kwalba, kowa da labarin wanda ya shafa ya miƙe cikin kwana 7. Akwai daren da na kusa cewa a fasa simintin nan a gwada. Uwargida, wadda ba ta iya kallon ciwon, ita ta iya wannan ɓangaren. Takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya, in sun fita ta ɗora a saman kabad. A cikin makonnin nan ne na ba ta haƙuri a kan tsawar safa. Ta ce ta manta, na san ba ta manta ba.

Da aka cire simintin ƙarshe ramin bai fi ƙwayar maɓalli ƙarami ba, ya ciko ya yi daidai da fata. Aka ba ni takalmi mai tudun ciki na musamman, wanki ya dawo hannun yarinyar, yanzu bayan kwana 2 ko 3. Wannan ƙarshen ya fi ko'ina jan rai. Mako guda sai a ga bai fi kaurin farce ya matsa ba.

Wata 5 da 'yan kwanaki bayan daren zazzaɓin nan, ta ɗaga gos ta same shi a bushe ƙarau. Ta haska fitilar waya, ta matso da fuska. Wurin ya rufe da wata fata siririya mai sheƙi, kamar ta cikin leɓe. Ta kira mahaifiyarta, karo na farko ta tsaya ta kalla har ƙarshe. Sai ta ɗauko littafi ta rubuta 0 da 0.

Na je wa Sista da murna, ta taya ni, sannan ta zuba min ruwan sanyi. Ta ce tabo komai daɗewarsa ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali, kuma cikin masu suga 100 da gyambon ƙafarsu ya rufe, wajen 40 yakan dawo musu kafin shekara. "Kada ka ce ya warke, Malam. Ka ce ya lafa."

Yau shekara 2 ke nan. Na koma shago, amma a kan doguwar kujera nake aiki, abin da ke son tsayuwa na bar wa yara. Na ɗaura maganaɗisu a igiya, duk yamma ƙaramin yaron shago yana jan sa a ƙasa yana tsince ƙusoshi. Ba na taka ƙasa ba takalmi ko a cikin ɗaki. Farar safa nake sawa don in wani abu ya tsattsafo in gani. Ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwada zafinsa, kanta kuwa ko ta dame ni ba na sa mata reza, asibiti nake kai ta. Duk dare ina ajiye madubi a ƙasa in duba tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu. Akwatin yana nan da gos kaɗan, safar hannu da kwalbar ruwan gishiri da ba a buɗe ba, ina duba ranakunsu ina sauyawa. Yarinyar ta tafi karatu nesa, amma in ta bugo waya, kafin ta tambayi kowa sai ta ce, "Baba, ka duba?"

Kafin in sa takalmi kuma sai na zura hannu ciki har ƙarshe. Makon jiya yatsana ya ci karo da wani abu a na hagu, na zazzage, sai ga ɗan ƙaramin sukuru, ban san yadda ya shiga ba. Na daɗe ina juya shi a tafin hannu. Sai na buɗe akwatin na jefa shi a gidan ƙarshe, kusa da ƙusar nan 'yar inci ɗaya da uwargida ta zare daga takalmina ta adana tun ranar.